Kunnen Hagu na Ɗan Wanzami

Ni ba mai zurfin karatu ba ne. A ƙarshen koleji na tsaya, da ƙyar na ciro takardar birbe, wato shaidar gama kolejin, a karo na biyu, sannan na zauna a unguwarmu cikin Damagaram ina shan shayi a bakin titi har mahaifiyata ta gaji da ganina. Da aka ce ana ɗaukar malaman kontira, wato na kwantiragi, sai na shiga layi, ba don son koyarwa ba, don dai in daina jin kunyar sa hannu a kwanon gida. Aka yi mana ɗan horo na gaggawa, aka tura ni wani ƙauye a bayan Gaffati, aka nuna mini wata rumfar zana wadda awaki ke leƙowa ta ƙasanta, aka ce ga aji biyar, naka ne. Tun daga ranar na zama Mushe, yadda ake kiran malamin lakwal, wato makarantar boko, a wajenmu.

Abu guda na fito da shi daga horon nan na riƙe shi hannu bibbiyu, shi ne ɗaga allo. Kowane yaro yana da ɗan baƙin allonsa da guntun alli. Malami zai faɗi tambaya da baki, ya maimaita. Sai ya buga tebur da sanda, yara su duƙa su rubuta amsa. Ya sake bugawa, su saki alli su ɗaga allunan sama gaba ɗaya. Da kallo ɗaya ka raba masu sani da marasa sani. Ban taɓa son wani abu a aikin nan kamar yadda na so bugun nan na biyu ba. Ni da ko ƙanena ba ya jin maganata a gida, ga shi na buga katako hannuwa sun tashi kamar da igiya ɗaya aka ja su. Lissafi da shi nake yi, tarihi da shi, darasin jikin ɗan Adam da shi. Yana kuma da wani amfani da ban faɗa wa kowa ba: tsakanin bugu da bugu babu wurin da yaro zai ce, "Mushe, don me?" Ni kuwa "don me" nake tsoro, domin sau da yawa abin da ke cikin littafi na sani, dalilinsa ban sani ba.

A cikin yaran akwai ɗan wanzamin garin. Ba shi ne na ɗaya ba, bai ma yi kusa ba. Ɗan tsaka-tsaki ne, mai surutu, ya ɗan girmi ƴan ajin domin ya taɓa maimaita aji. An gaya mini yana kwaikwayon tafiyata a bakin rijiya, yadda nake goya hannu a baya ina tura ciki gaba alhali ba ni da cikin. Na riƙe wannan a zuciya. Ina faɗa ne don a san ba da farar zuciya na shiga abin da ya biyo baya ba.

Da bazarar shekarar nan sanƙarau ya shigo yankinmu. Ya ɗauki yara a ƙauyukan kewaye, ya ɗauki wata ƴar aji biyu a lakwal ɗinmu tsakanin safiya da la'asar. Ɗan wanzami ma ya kamu. Aka ɗora shi a amalanken shanu zuwa likita a Gaffati, wuyansa a sandare, kowa ya cire rai. Allah ya yi da sauran kwanansa. Bayan makonni ya dawo lakwal, ya rame, yana tafiya yana karkata kamar mai ɗauke da tulu a kafaɗa ɗaya, surutun nan kuma duk ya tafi. Majo, wato babban ma'aikacin wurin, ya yi wa uban bayani, ya kuma aiko mana da saƙo: kunnen dama ya mutu, na hagu da ɗan saura. A riƙa yi masa magana ta hagu, a fuskance shi, a kuma nisanta shi daga ƙara mai ƙarfi, domin ɗan sauran nan ba shi da wuyar tafiya. Ina wurin aka faɗa. Ba zan ce ban ji ba.

Shugabar lakwal ɗinmu mace ce, Kirista, ƴar Damagaram, ta girme ni nesa. Madam muke ce mata. Tana zaune a ɗakin da ke bayan lakwal, ran Lahadi ta hau kabu-kabu ta tafi majami'a cikin gari ta dawo da yamma. Matan ƙauyen sun saba da ita, sukan kawo mata jarirai ta taɓa goshinsu kafin a yanke shawarar zuwa likita. Maza suna gaishe ta da mutunci, amma daga ɗan nesa. Aji uku take riƙe da shi, ajinta kuwa ba ya rabo da hayaniya. In ta gama darasi ba allo kaɗai take sa a ɗaga ba. Wani ya zana a rairayi, wani ya kasa tsakuwa, wani ya tashi ya faɗa da Hausa in faransanci ya ƙi fita, wasu su haɗu su yi wasan kasuwa. Akwai masu ƙera abu da yumɓu su shanya a rana. Ni a ganina wannan wasan yara ne, ba karatu ba.

Ranar da ɗan wanzami ya dawo aji ban canza komai ba. Na faɗi tambaya ina yawo tsakanin tabarmi kamar yadda na saba, rabin lokaci bayana yake gani. Na buga tebur. Ya ga kawunan ƴan'uwansa sun duƙa, shi ma ya duƙa, amma bai san abin da aka tambaya ba. Sai ya karkata ido wajen allon na kusa da shi. Ba amsa yake son sata ba, tambayar yake son ganowa daga amsar. Yanzu na fahimci haka, a lokacin ma da na so da na fahimta.

"Mushe, yana leƙe! Wallahi yana leƙen nawa!"

Na zo na tsaya a kansa na shimfiɗa masa sanda a baya. Bai ji zuwana ba, dukan ya same shi ba shiri, ya zabura har allon ya faɗi. Aji ya kwashe da dariya. Daga ranar yara suka gane an ba su dama. Sukan tsaya gabansa suna motsa baki ba sauti, ya ƙura musu ido yana cewa "Iye? Iye?" su watse suna riƙe ciki. Wani yakan yi kamar zai ɗaga allo tun ban buga ba, ɗan wanzami ya bi shi ya ɗaga shi kaɗai, ya sha sanda. Ina gani. Wani lokaci nakan tsawata, wani lokaci in juya kai don kada a ga murmushina. Da tafiya ta yi tafiya ya daina leƙe. In na yi bugu na biyu sai ya ɗaga allo fayau, ba ko ɗigo, ya riƙe shi sama tare da kowa.

Wata rana lokacin hutun hantsi Madam ta kira ni gindin dogon yaro.

"Mushe, ƙanena, zo ka sha inuwa. Wannan rumfar taka ai tanda ce."

Na zauna. Ta zuba mini gyaɗa a hannu, sannan ta ce ta bi ta bayan zana ta ga allon yaron.

"Me zai hana ka rubuta masa tambayar? Ko a ƙasa ma. In rubutu ya yi masa nisa, bar shi ya zana, ko ya nuna da hannu, ko ya matso ya faɗa maka. Kompozisiyon ƙarshen shekara, jarrabawar nan, ya kusa, da shi za su wuce aji, kuma namu ne na cikin gida. Ba wani sufeto da zai taso daga Mirriya ya ce don me."

Na ce, "Madam, a kasuwa tiya ɗaya ake auna wa kowa hatsi da ita. In na yi wa ɗan wanzami tasa tiyar daban, gobe ɗan maƙeri ya ce shi ma idonsa na ciwo, jibi ƴar liman ta ce hannunta. Ina adalci?"

Ta yi dariya, ba ta mugunta ba. "Tiya ɗaya, gaskiyarka. Amma duba abin da kake zubawa a ciki. Kai ba karatunsa kake aunawa ba, kunnensa kake aunawa, shi kuwa majo ya riga ya auna mana."

"Haka aka koya mana a horo."

"Ni ma haka aka koya mini, tun kana goye. Ban ce ka jefar ba. Na ce ƙofa ɗaya ta yi wa ɗaki mai yara haka kaɗan. Abin da nake son sani, ya gane ko bai gane ba. Ta inda ya fito mini da shi duk ɗaya ne." Ta karkaɗe zanenta ta miƙe. "In lokacin ya zo zan shigo in taya ka. Mu yi shi tare."

Maganar adalci da na yi ba duka ƙarya ba ce, rabinta na yarda da ita. Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne "zan shigo". In yaro ya rubuta kalmar da ke cikin littafi, ina iya dubawa in ce daidai ko kuskure. In ya zana mini, ko ya faɗa da bakinsa yadda ya gane, to dole ni ma in zama na gane kafin in yanke hukunci, kuma a gaban Madam. Na hango asirina a buɗe. Na hango ana cewa ɗan kontiran nan bai san abin da yake koyarwa ba.

Abin da na yi daga nan ban yi shi cikin fushi ba, a natse na yi shi. Bayan la'asar maza sukan zauna a kan dakalin ƙofar mai shago. Na je na zauna, aka taɓa hira, sai na ce kamar abin bai dame ni ba, "Ni dai baƙo ne, ba na shiga abin da ba ruwana. Amma da ni uba ne, da na leƙa ajin Madam na ga abin da ake sa yara suna ƙerawa da yumɓu."

Abin da suke ƙerawa na sani sarai: shanu, raƙuma, ƴan tukwane don darasin awo, da wani mutum-mutumi da aka buɗe ƙirjinsa don a nuna inda zuciya da huhu suke. Kalmar gunki ba daga bakina ta fito ba. Na dai bar wani ya faɗe ta, ni kuma na sunkuyar da kai kamar mai jin nauyi.

Liman, Allah ya saka masa, ya ce tun kakanni yara ke ƙera shanun yumɓu a bakin tafki, ba wanda ya bar salla saboda haka. Amma magana zarar bunu ce. Wasu iyaye suka riƙe ƴaƴansu a gida. Dattawa suka je wajen Madam suka gaishe ta, suka yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe suka roƙe ta a bar yumɓu. Ta ce ta ji. Da hannunta ta kwashe kayan a kwando ta zubar a bayan shinge, yaran ajinta na tsaye suna kallo. Ta san daga inda abin ya fito, ƙauye ba ya ɓoye irin wannan. Ba ta taɓa yi mini maganar ba. Gaisuwa ba ta fasa ba, amma "ƙanena" ya fita daga bakinta. Da na tambaye ta batun kompozisiyo, don in ji inda ta tsaya, ta ce, "Ajinka ne, Mushe."

Uban yaron shi ke yi mini aski ran Juma'a da safe, a zauren gidansa. Dattijo ne mai sanyin magana, hannunsa ba ya rawa. Wata Juma'a ya jiƙa mini kai, ya wasa aska, ya fara, sai ya ce:

"Mushe, zan tambaye ka, ka faɗa mini tsakaninka da Allah. Yaron nan naka yana ɗaukar karatu kuwa?"

Na ce me ya gani.

"Akwai wani aminina mai injin niƙa a Mirriya, yana neman yaro. Ya ce wanda duk ya ɗauka sai ya gudu saboda ƙara, wannan kuwa an hutar da shi. Uwarsa ba ta so, ta ce majo ya hana. Ni ma ban so ba, ɗan abin da ya rage masa ke nan da yake jin kiran salla da shi. Na ce mata to, in zai wuce aji shida, ya zauna ya yi ta karatunsa har inda Allah ya tsai da shi. In kuwa ba zai wuce ba, ya girma, ba zan bar shi cikin ƙannensa ana yi masa dariya ba. Ni ban yi lakwal ba. Kai ne idona."

Bai ɓoye mini komai ba. Na san abin da inji zai yi wa kunnen nan, shi ma ya sani. Amma in na ce yana ɗauka, dole a tambaye ni to me ya sa allonsa fayau, amsar kuwa tana wajen Madam. Sai na ce:

"Baba, ni dai a ganina ciwon nan ba kunne kaɗai ya taɓa ba."

Askar ta tsaya. Na ji numfashinsa a ƙeyata. Can ya ce, "To. Allah ya sa haka ya fi alheri. Mu ga kompozisiyon." Ya ƙarasa askin bai yanke ni ko kaɗan ba, ya shafa mini ruwa, ya raka ni har ƙofa.

Muka yi kompozisiyo cikin gaggawa, domin hadari ya fara haɗuwa a gabas, kuma a ƙauye ranar da ruwan shuka ya sauka ranar lakwal ke mutuwa: yara su bi iyaye gona, a kwance zana a adana kafin ta ruɓe. Na ce alli ya yi ƙaranci, allon bango kuma ƙarami ne, saboda haka yawancin tambayoyi da baki na yi su, da sanda da tebur. Ɗan abin da na rubuta a allon bango ɗan wanzami ya taɓa, ya sami rabi-rabi. Sauran duk zero. Da aka haɗa bai kai muwayan ba, wato matsakaicin da ake wucewa da shi.

Ranar faɗin sakamako akan tara yara a fili, a kira suna daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, waɗanda suka wuce su koma gefe guda, sauran ɗaya gefen. Na kira sunansa bai motsa ba. Yana tsaye yana kallon bakina daga nesa. Wani yaro ya tura shi ta baya, "Kai kurma, can ne wajenku!" Ya tafi yana karkata.

Da aka watse Madam ta riƙe shi, ta aiko a kira ni, ta ce in zo da tambayoyina. Muka zauna a inuwa, ta share ƙasa da tafin hannu, ta sami tsinke. Ba ta dube ni ba. Ta rubuta tambaya ta farko a rairayi, ta taɓa kafaɗarsa, ta nuna masa. Lissafin rabawa ne. Ya daɗe yana kallo, sannan ya dubi hannuna ko da sanda. Ta tura masa tsakuwa. Ya kasa su kashi-kashi, ya ƙirga, ya rubuta amsa da yatsa. Daidai. Ta share ta rubuta ta biyu. Wannan ya kuskure. Ta uku ma ya kuskure, na ji wani sanyi a raina, Allah ya yafe mini, ina fata ya ci gaba da kuskurewa. Da aka zo yadda sauro ke kawo zazzaɓi, ya zana kwatami da ƴan tsutsotsi a ciki, ya zana sauro, ya ja layi daga wani mutum a kwance zuwa wani a tsaye. Da aka zo hanyar abinci, ya miƙe ya ɗora yatsa a bakinsa ya gangaro da shi ta maƙogwaro har mara, yana faɗin sunayen, wasu da faransanci wasu da Hausa, da wata murya mai ƙarfi marar hawa da sauka wadda ban san shi da ita ba. Tarihi bai san komai ba, domin da baki kaɗai na koyar da shi bayan ciwonsa. Sabuwar waƙar hadda bai taɓa jin ta ba, sai ya kawo wadda muka yi kafin bazara, tun daga kai har ƙarshe, hannu a harɗe a ƙirji yadda na koya musu, yana ihu bai sani ba. Yaran da suka laɓe bayan shinge suna ta ƙyaƙyata.

Madam ta yi lissafinta a ƙasa, ta sake yi, sannan ta juyo gare ni.

"Ba gwani ba ne. Da can ma ba gwani ba ne. Amma ya wuce, da ɗan kaɗan. Duba da kanka in na yi masa alfarma."

Na duba. Ba ta yi ba.

"Ban aika da sakamako Mirriya ba tukuna, wannan zan gyara. Uban ne ban san yadda zan yi da shi ba. An ce kai ka yi masa magana. Wanda ya ɗaure shi ke kwancewa."

Na ce to, gobe.

Washegari ruwa ya sauka, gari ya watse gona. Na ce wa kaina ba a tare manomi da magana ranar shuka. Muka kwance rumfuna. Na ce bari in leƙa mahaifiyata a Damagaram in dawo, na je na yi zamana. Gaskiyar ita ce na kasa tunanin yadda zan tsaya gaban dattijon nan in ce abin da na faɗa maka a zaurenka ba haka ba ne. Ina ta jiran kunyar ta huce, kamar ita ce mai gaggawa. Har yau halin nan bai bar ni gaba ɗaya ba. Yanzu a ajina ina barin yara su zana, su kasa tsakuwa, su faɗa da Hausa, na kuma koyi cewa "ban sani ba, bari in tambayo". Amma ranar da na gaji, ko na ga baƙo ya leƙo, hannuna sanda yake nema.

Da na koma ƙauye shuka ta fito, ana noman farko. Na sami wanzami a gonarsa, shi da ƙananan ƴaƴansa. Na yi sallama, muka gaisa, ya tambayi mutanen birni. Na duba ban ga yaron ba.

"Ai ya tafi. Ran kasuwar Mirriya na kai shi da kaina."

Na ce, "Baba, kuskure aka yi, kuma ni na yi shi. An sake gwada shi, ya wuce. Kansa lafiya lau."

"Madam ta zo ta faɗa. Har cikin gida ta shiga wajen uwarsa. Amma Madam mai tausayi ce, ko ɗan akuya ta gani sai ta ce ya wuce. Ga kuma abin da ake faɗa kan ajinta, ka ma fi ni sani. Na ce malaminsa zan jira. Na jira." Ya jingina da hauya ya dube ni. "Ranar nan na ce maka tsakaninka da Allah. To wacce zan riƙe, Mushe, ta ranar ko ta yau?"

Na ce ta yau.

"Ta yau ta iske na ba mutum magana. Ban ce ka cuce ni ba, Allah ne ya san zuciya. Amma ba zan je in kwanto shi kamar jakin aro ba. Je ka da kanka. In shi ya ce zai dawo, ban hana ba, zan san abin da zan gaya wa aminina."

Ya tofa yawu a tafi ya ci gaba da nomansa.

Ran kasuwa na hau kabu-kabu zuwa Mirriya. Ba sai an nuna maka injin ba, tun daga layin masu hatsi kake jin sa a ƙirjinka. Wata rumfar kwano ce da hayaƙi ya baƙanta, mata da ƴan mata sun jera kwanoni da robobi a ƙofa. Na kutsa ciki. Yana tsaye a kan wani dutse a bakin mazubi yana tura gero da hannu, kansa dab da inji, kuma gefensa na hagu ne wajen injin, domin haka aka kafa shi. Gari ya rufe shi fari fat har gashin ido.

Mai injin wani ƙaton mutum ne mai fara'a. Da na faɗa masa ko ni wane ne, ya kawo bakinsa kunnena ya yi ihu: "Mushe! Ka zo ganin ɗalibinka? Yaron kirki! Ba ya ƙorafi, ba ya tsayawa hira da ƴan mata!" Ya bushe da dariya. Na yi ihu na ce ina son magana da shi, ko za a kashe injin kaɗan. Ya nuna mini layin mata ya buɗe hannuwa. "Ran kasuwa? Su cinye ni ɗanye? Yi maganarka haka nan, a nan dukanmu kurame ne!"

Ya taɓa ƙafar yaron. Yaron ya juyo ya gan ni, ya sauko ya rusuna. Na jawo shi bayan rumfar inda ƙarar ta ɗan ragu, na matso da bakina kunnensa. Na ce ya wuce. Na ce laifina ne. Na ce babansa ya yarda, in an koma lakwal aji shida zai shiga. Ya janye kai ya ƙura wa leɓɓana ido. Na maimaita da ƙarfi har wata tsohuwa ta juyo tana kallonmu. Ban sani ba ko ƙarar wunin ce ta toshe shi na ɗan lokaci, ko kuwa abin ya fara tafiya. Sai na tsuguna na rubuta a ƙasa da yatsa: ka wuce, ka dawo.

Ya karanta. Na ga bakinsa yana bin kalmomin. Sannan ya tambaye ni da muryar nan tasa mai ƙarfi:

"Wa zai riƙe aji shida?"

A lakwal ɗinmu malamai sun yi kaɗan, kowa yakan haura da ajinsa. Na ɗora hannu a ƙirjina.

Ya dubi hannun. Bai yi fushi ba, bai kuma yi kuka ba, ya dai girgiza kai a hankali.

"A nan ba a dukana, Mushe. Kowa da hannu yake magana."

Mai injin ya leƙo yana yafuto shi, mata sun fara mita. Ya sake rusunawa, ya koma ya hau dutsensa. Na tsaya a rana na ɗan lokaci, sannan na nufi tasha, kunnuwana suna ta shuuu, har mai kabu-kabu ya yi mini magana ban ji ba sai da ya taɓa ni. Kafin mu kai mararrabar Gaffati nawa sun buɗe.

Na gaya wa Madam yadda muka yi. Ta ce ita za ta karɓi aji shida, ni in sauka in karɓi nata ajin, ban yi gardama ba. Ta yi ta zuwa Mirriya cikin daminar nan, tana rubuta masa a ƙasa tana lallashi, bai dawo ba. Bayan kaka, muna tsaye ana ɗaura sabuwar zana, ta ce mini ta sake zuwa. Ta ce an kashe injin lokacin azahar, wurin ya yi tsit, ta tsaya ta hagunsa ta kira shi da iya ƙarfinta, yana wanke hannu, bai juyo ba.

Ta miƙa igiya ga mai ɗaurin zanar, ta wuce ajinta.